Kundin Aiki: Bibiyar Ma'anonin Kalmar "Charge" Domin Masu Fassara da Ɗalibai

13 ga Janairu, 2025

Ƙungiyarmu ta masu fassara ta amince a zamanta na ƙarshen shekarar da ta gabata cewa za a haɗa ɗan ƙaramin littafi domin ma'aikatan ɗakunan labarai na gidajen rediyo da kuma ɗaliban manyan azuzuwan sakandare. Littafin ba ƙamus ba ne. Kowane babi zai ɗauki kalma ɗaya ta Turanci wadda ake ji kullum, a bi ma'anoninta ɗaya bayan ɗaya, a nuna yadda Bahaushe yake faɗin kowace ma'ana da bakinsa. Abokan aikina biyu sun riga sun ɗauki *run* da *set*, kuma ba a yi musu gardama ba, domin waɗannan su ne suka yi suna wajen yawan ma'ana: a bugu na biyu na babban ƙamusun Turanci na Oxford, wanda ya fito a 1989, an jera wa *set* ma'ana 430 a matsayinta na aikatau, sannan da aka zo sabunta ƙamusun sai *run* ta wuce ta da ma'ana 645, bayan editan da ya yi aikin, Peter Gilliver, ya shafe wata tara a kanta ita kaɗai.

Ni na zaɓi *charge*. Ba ta kai waɗancan yawan ma'ana ba, amma tana da wani hali da ya sa ta fi su saurin kayar da mai fassara, wato ta daɗe da shigowa Hausa. Muna cewa caji, muna cewa caja, muna cewa an kai wane caji ofis. Saboda haka duk wanda ya gan ta a rubuce yana ɗauka ya san ta, ba ya tsayawa ya duba, alhali abin da muka ara bai wuce rassa biyu ko uku ba daga cikin rassanta masu yawa. Matakin farko shi ne tattara jimloli na gaskiya daga kanun labaran jaridun Najeriya, da saƙonnin da bankuna ke turowa a waya, da takardun kotu, da littattafan kimiyya na sakandare.

21 ga Janairu, 2025

Makon nan ya tafi ne a kan asalin kalmar, domin ina son in tabbatar ko waɗannan ma'anoni daga gida ɗaya suka fito, ko kuwa kalmomi ne daban-daban da suka yi katarin kama da juna. Bambancin yana da muhimmanci ga tsarin babin. Turanci yana da kalmomi irin *bat*, wadda take nufin jemage kuma take nufin sandar buga ƙwallo, ba tare da wata dangantaka tsakanin ma'anonin biyu ba, kuma irin wannan sai dai a haddace. *Charge* ba haka take ba, duk ma'anoninta tushensu ɗaya.

Tushen kuwa amalanke ne. Romawa sun ari kalmar *carrus* daga mutanen Gal, mazauna ƙasar da ake kira Faransa a yau, kuma tana nufin keken ɗaukar kaya da dabbobi ke ja. Daga gare ta aka sami *carricare* a Latin na baya-baya, wato a loda wa amalanke kaya. Wannan ce ta zama *chargier* a tsohon Faransanci, ta kuma ƙetara zuwa Ingila bayan Normawa sun ci ƙasar da yaƙi a 1066, lokacin da Faransanci ya zama harshen fada da na kotu. Zuwa ƙarni na 13 ta riga ta zauna a Turanci da ma'anar kaya ko nauyi. Daga wannan tushe ne kuma Turanci ya sami *car*, da *carry*, da *cargo* wadda ta biyo ta Sifaniyanci, har da *caricature*, zanen barkwanci, wadda ta fito daga kalmar Italiyanci mai nufin loda kaya, domin mai zanen yana loda wa hanci ko kunnen mutum girman da ya wuce nasa. A Faransanci har yau *charger* tana riƙe da ma'anarta ta farko ta loda mota, wanda ya sa ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da ya yi karatunsa da Faransanci zai fi na Kano saurin gane wannan sashe.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne Hausa ta bi wannan hanya da ƙafarta, ba tare da aro ba. Muna ɗora wa jaki kaya, muna ɗora wa mutum laifi, muna ɗora masa nauyin wani aiki, hukuma tana ɗora wa jama'a haraji. Kalmar ɗora ta ɗauke manyan ma'anonin *charge* guda huɗu. Wasu daga cikin ragowar kuma ƙanwarta ɗura ce take ɗaukar su, domin maharbi yana ɗura wa bindiga albarushi, kuma daga nan ne ma'anar batir ta samo asali kamar yadda zan rubuta idan na iso wurin. Na yanke shawarar babin zai buɗe da wannan bayani, a taƙaice.

3 ga Fabrairu, 2025

Sashen shari'a shi ne mafi nauyi, domin kuskure a nan yana iya ɓata sunan mutum a kunnen dubban masu sauraro. Na je na zauna a wata kotun majistare domin in ji yadda ake juya kalmar a aikace. An kira ƙara, wani matashi ya shiga akwati, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe, magatakardan kotu ya karanta takarda da Turanci cikin sauri, sannan tafinta ya juyo ya fuskanci matashin. Bai ce caji ba ko sau ɗaya. Cewa ya yi: "Ana tuhumarka da cewa a rana kaza ka shiga shagon wane da dare ka ɗauki kaya. Ka ji? Ka fahimta?" Matashin ya ce ya fahimta. "Ka aikata ko ba ka aikata ba?" Ya ɗaga kai wajen alƙali ya ce, "Ya mai shari'a, ban aikata ba." Duk abin bai ɗauki dogon lokaci ba, amma doka ce ta wajabta shi. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi dole a sanar da shi, ba tare da ɓata lokaci ba kuma cikin harshen da yake ji, cikakken bayanin laifin, a kuma ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Sashen dai ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar da laifinsa.

Daga wannan na fitar da matakai huɗu da babin zai raba su sarai, domin na lura ana cakuɗa su a labaran rediyo. Zargi shi ne *allegation*, maganar da kowa zai iya yi a kan kowa. Tuhuma ita ce *charge*, wato laifin da hukuma ta rubuta a takarda ta ɗora wa mutum bisa wani sashe na doka. Gurfanarwa ita ce *arraignment*, ranar da aka tsayar da shi gaban alƙali aka karanta masa. Samun mutum da laifi shi ne *conviction*. Wanda ya fassara *he was charged with theft* da cewa an same shi da laifin sata ya tsallake shari'ar gaba ɗaya ya yanke hukunci daga kujerarsa. Idan kuma jarida ta ce *a ten-count charge*, tuhume-tuhume goma ake nufi a takarda ɗaya.

Akwai maganganu uku da ake yawan ji a Turancin Najeriya, waɗanda zan sa a gefen shafi. Na farko *charged to court*, wanda Baturen Ingila ba haka yake faɗa ba amma a nan kowa ya san shi, ma'anarsa an kai mutum kotu. Na biyu *holding charge*, wato a kai mutum gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraron laifin domin kawai a sami umarnin tsare shi, al'adar da lauyoyi suka daɗe suna suka saboda yadda take cika gidajen yari da masu jiran shari'a. Na uku *charge and bail*, laƙabin raini da ake yi wa lauyan da ke zaman jiran ƙananan ƙararraki a harabar kotu. Caji ofis ɗinmu ma daga wannan ma'ana ta tuhuma ya fito, domin shi ne ɗakin da ake rubuta tuhuma a ofishin 'yan sanda, sai sunan ɗakin ya mamaye ofishin duka.

5 ga Fabrairu, 2025

Jaridun Najeriya suna da wani kanun labari da ba ya ƙarewa, mai siffar *Governor charges youths to shun drugs*. Babu tuhuma a nan, babu kuɗi. Gwamna ya hori matasa ne, ko ya yi kira gare su, su guji miyagun ƙwayoyi. Wannan tsohuwar ma'ana ce ta ɗora wa mutum umarni, wadda a Ingila ta koma harshen majami'a da na kotu, kamar jawabin da alƙali ke yi wa masu taya shi yanke hukunci, amma a nan editoci suna amfani da ita kullum saboda gajarta ce kuma tana shiga layi ɗaya. Alamar gane ta ita ce *to* da aikatau a bayan sunan wanda aka hora, ko kuma *on* da sunan batu, kamar *charges traders on hygiene*. A cikin jimlolin da na tara daga jaridu, wannan ma'ana tana gogayya da ta kotu wajen yawa, don haka ba za ta tafi ƙarshen babi ba kamar yadda ƙamusoshin ƙasashen waje suke kai ta.

18 ga Fabrairu, 2025

Ma'anar kuɗi ba ta da wuyar ganewa, wahalarta tana wajen zaɓen kalmar Hausa. Tela yana *charge*, likita yana yi, banki yana yi, gwamnati ma tana yi, amma Bahaushe ba ya kiran abin da kowannensu ya karɓa da suna ɗaya. Na tela kuɗin ɗinki ne, na ɗan dako lada ne, na dillali la'ada ce, na mota kuɗin mota ne. Ƙa'idar da na rubuta ita ce *charge* kuɗin aiki ne ko na hidima, *price* kuma kuɗin kaya ne, saboda haka farashi ba ya dacewa a kowane wuri. Idan aka ce *free of charge*, kyauta kawai za a ce, ba sai an tsawaita ba.

Na banki kuwa jama'a sun riga sun raɗa masa suna, cewa suke yi an cire mini kuɗi, ko cajin banki. Babban Bankin Najeriya yana da takardar jagora da ta ƙayyade abin da bankuna za su riƙa cira, wadda wani bugunta ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020. Amma ba duk abin da aka cire daga asusu ne na banki ba. Naira 50 da ake cira a 2025 idan kuɗin da aka tura ya kai naira 10,000 haraji ne na gwamnati ƙarƙashin dokar kuɗi ta 2020, banki karɓa kawai yake yi ya miƙa. Mai fassarar da ya haɗa su duka ya kira su cajin banki ya ɓoye wa mai sauraro inda kuɗinsa ya tafi. Haka nan *fixed charge* da kamfanonin rarraba wutar lantarki suke ɗora wa kowane mai mita duk wata, ko ya sha wuta ko bai sha ba, har hukumar kula da harkar ta soke shi a Fabrairun 2016: na fassara shi da kuɗin dole na wata-wata, domin haka masu biya suka ɗauke shi.

Wani abin lura da zan saka, ko da a layi uku ne, shi ne yadda gwamnatoci ke fakewa da wannan kalma idan ba sa son furta haraji. Gwamnatin Margaret Thatcher ta kawo abin da ta kira *Community Charge* a Sikotilan a 1989, sannan a Ingila da Wales a 1990, inda kowane baligi zai biya kuɗi daidai da na kowa a ƙaramar hukumarsa, mai kuɗi da talaka. Jama'a ba su karɓi sunan ba, suka ci gaba da kiransa *poll tax*, harajin kai, aka yi babbar tarzoma a Landan ranar 31 ga Maris, 1990, kuma kafin shekarar ta ƙare Thatcher ta sauka daga mulki. Idan labari irin wannan ya zo hannun mai fassara, ra'ayina shi ne ya ce haraji, sannan ya ambaci sunan da gwamnati ta ba shi, domin dattijon da ya ga zamanin haraji da jangali kafin gwamnatocin PRP su soke su a Kano da Kaduna a 1979 ya san abin da ake nufi da kuɗin da ake bin kowane kai.

10 ga Maris, 2025

Aiki ya ɗan lafa saboda azumi, amma na kammala sashen lantarki, wanda shi ne ya ba mu cajin da kowa ya fi sani. A tsakanin 1745 da 1746, wani Bajamushe mai suna Ewald von Kleist da wani malamin jami'ar Leiden a Holan, Pieter van Musschenbroek, kowannensu a nasa ɓangaren, sun gano cewa ana iya tara lantarki a cikin kwalba a ajiye shi, sannan a sake shi gaba ɗaya. Masanan lokacin suna ɗaukar lantarki a matsayin wani irin ruwa da ba a gani, don haka suka yi masa magana da harshen maharba: ana ɗura shi a kwalba kamar yadda ake ɗura albarushi a bindiga, wato *charge*, idan an sake shi kuma *discharge*. Benjamin Franklin, a wasiƙun da ya riƙa aika wa Peter Collinson daga Filadelfiya zuwa Landan tun daga 1747, waɗanda aka buga su littafi a 1751, ya yi amfani da waɗannan kalmomi tare da *positive* da *negative*. Da ya jera faifan gilashi da yawa ya haɗa su wuri ɗaya, sai ya kira jerin *battery*, sunan da sojoji ke ba jerin igwa. Batir ɗin da ke cikin tocila da rediyo sunan igwa yake ɗauke da shi.

Ɗaliban kimiyya suna buƙatar ƙarin bayani guda, domin a darasin fiziks *charge* ba cikar batir ba ce, sifa ce da ƙwayoyin zarra suke da ita, kuma ana auna ta da ma'aunin kulom, wanda aka sa wa sunan masanin Faransa Charles-Augustin de Coulomb. Batirin wayar da aka rubuta masa 5,000 mAh yana iya tura kulom 18,000 kafin ya mutu. Kuma idan an jona waya ba wani abu ake zuba wa batirin daga waje har ya cika ba, ƙwayoyin litiyam da ke cikinsa ne ake tilasta wa komawa gefen da suka baro.

Domin in ji yadda caji yake yawo a bakin mutane, na tsaya a rumfar wani mai cajin waya a bakin kasuwa. Janareta yana ruri a bayan rumfar, an kafa allon katako cike da soket daga sama har ƙasa, wayoyi a jere kowacce an manna mata ɗan tef mai lamba, mai waya kuma a ba shi ɗan kati mai irin lambar. Wani dattijo ya miƙo tasa ya ce, "Yaro, nawa za ka caje ni ka yi mini caji?" Ma'ana biyu a jimla ɗaya, kuma babu wanda ya ruɗe. Wani ya dawo karɓa ya ce, "Malam, ta cika?" Aka ce masa, "Saura kaɗan, Alhaji, tana tamanin, cajarka ce ba ta ja." Daga bisani na ji mai rumfar yana cewa kansa ya ɗau caji saboda hayaniya. Na rubuta wannan ta ƙarshe a matsayin abin da Hausa ta ƙirƙiro da kanta. Akwai kuma cajewa da ake cewa jami'an tsaro sun caje mota ko gida, wato sun bincike ta ciki da bai: wannan ma'ana ba ta cikin *charge*, kuma mai fassara daga Hausa zuwa Turanci dole ya ce *search*. Shi kuma *recharge card*, wanda ya shigo da zuwan wayar salula a 2001, katin waya muke ce masa, kuma loda shi muke yi.

7 ga Afrilu, 2025

Ma'anar far wa abokin gaba da gudu ta bayyana a Turanci a ƙarni na 16, kuma masu nazarin asalin kalmomi suna danganta ta da shirya makami kafin hari. Misalin da aka fi sani a tarihin Birtaniya shi ne na Balakalaba a yaƙin Kirimiya, ranar 25 ga Oktoba, 1854, lokacin da mahaya fiye da 600 ƙarƙashin Lord Cardigan suka yi sukuwa kai tsaye cikin bakin igwar Rasha, sakamakon umarnin da ba a fahimce shi daidai ba. Hausa ba ta rasa kalmomi a nan: sukuwa, kai farmaki, afka wa, yin kukan kura, kuma jahin da mahaya ke yi wa sarki a hawan salla shi ne hoton da ɗalibi zai fi saurin gani. Idan sa ne ko giwa, sai a ce ya taso masa. A ƙwallon ƙafa kuma bangaza ce, kafaɗa da kafaɗa. Wannan sashe gajere ne kuma haka zan bar shi. Abin da na ƙara kawai shi ne *charger*, wadda kafin ta zama caja tana nufin ingarman yaƙi, tana kuma nufin babban faranti.

Na haɗa da ma'anar riƙon amana, wadda ita ma ba ta ba ni wahala ba. *Officer in charge* shi ne jami'in da ke kula da wuri, *take charge* shi ne karɓar ragama. *Chargé d'affaires*, wadda Turanci ya bar ta da rigarta ta Faransanci, shi ne mai riƙon ofishin jakadanci idan babu jakada, muƙamin da Yarjejeniyar birnin Vienna ta 1961 kan hulɗar jakadanci ta tanada.

22 ga Afrilu, 2025

Da farko na yi niyyar ba *discharge* sakin layi ɗaya, amma ta ci shafi biyu. Idan *charge* ɗorawa ce, ita saukewa ce, kuma Hausa ta sake yin daidai da ita a wurare da dama: jirgin ruwa yana sauke kaya, ma'aikaci yana sauke nauyin da ke kansa. A wasu wuraren kuma sallama ce: asibiti yana sallamar majiyyaci, soja ana sallamarsa daga aiki, mai yi wa ƙasa hidima, a tsarin da aka kafa a 1973, yana karɓar takardar sallama bayan shekara guda. A bakin likita tana nufin ruwa ko mugunyar da ke fita daga ciwo. Akwai kuma *accidental discharge*, maganar da 'yan Najeriya suka saba ji duk lokacin da harsashin jami'in tsaro ya sami wanda bai ji ba bai gani ba. Fassararta ita ce bindiga ta tashi bisa kuskure, kuma na ba da shawarar a riƙa jingina maganar ga wanda ya faɗe ta, kada mai karanta labarai ya mayar da ita tasa.

A kotu ne bambancin ya fi tsanani. *Discharged* an sallami mutum, *acquitted* an wanke shi. Wanda aka wanke, sashe na 36 ya hana a sake yi masa shari'a a kan wannan laifi sai da umarnin kotun da ke sama. Wanda aka sallama kawai, misali saboda masu ƙara sun kasa kawo shaidu ko an sami tangarɗa a yadda aka shigar da ƙarar, ana iya sake kama shi a dawo da shi. Ƙasa duka ta ga wannan a ranar 13 ga Oktoba, 2022, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara a Abuja ta yanke hukunci a shari'ar Nnamdi Kanu: kafofin labarai da dama suka ce an sallame shi an kuma wanke shi, ofishin Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya fito ya ce sallama ce ba wankewa ba. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin ranar 15 ga Disamba, 2023, ta ce a ci gaba da shari'a. Zan kawo wannan misali ne domin kalmomin biyu kawai, ba tare da shiga cikin shari'ar ba.

6 ga Mayu, 2025

An gwada daftarin a wani aji na biyu na babbar sakandare, da taimakon malamar Turancinsu. An rubuta jimloli a allo bibbiyu, aka ce kowa ya fassara. *She charged him for the repair* da *the bull charged at him* ba su tsayar da kowa ba. Inda aka yi ta faɗuwa wurare biyu ne. Na farko tsakanin *the nurse is in charge of the children* da *the children are in the charge of the nurse*, inda ƙaramar kalmar *the* take juya wanda ke kula da wanda ake kula da shi, har wasu suka rubuta cewa yara ne ke kula da ma'aikaciyar jinya. Na biyu tsakanin *he was charged with stealing the keys* da *he was charged with keeping the keys*. Ginin jimlolin iri ɗaya ne, amma ta farko tuhumarsa ake yi da satar makullai, ta biyu kuwa amanar makullan aka ba shi. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ashe sai an duba abin da ya biyo bayan *with*, in laifi ne tuhuma ce, in aiki ne nauyi ne." Da kalmominta zan rubuta ƙa'idar.

Wannan gwaji ya raba gardamar da muka daɗe muna yi da dattijon ƙungiyarmu, wanda ya yi shekaru yana fassarar labarai kafin ya yi ritaya. Shi yana ganin a jera ma'anonin bisa yawan amfani, a fara da cajin waya tunda shi kowa ya sani. Na ce masa, "Allah ya gafarta Malam, wanda labari ya zo masa saura minti goma a shiga situdiyo ba ya tambayar wace ma'ana ce ta fi yawa, jimlar da ke gabansa yake kallo." Ya ce to a yi yadda mai sauri zai samu, amma kada a jefar da tarihin, domin shi ne yake sa ɗalibi ya riƙe abin. Matsayar da aka cim ma ita ce babin zai buɗe da bayanin ɗora da ɗura a rabin shafi, sai jadawali da aka tsara bisa kalmar da ke raka *charge*: *with* da laifi, *with* da aiki, *for* da kuɗi, *to* da aikatau, *on* da batu, *at* da wanda aka tasar wa, *in* da *the* ko babu ita. Sassan kotu, kuɗi da lantarki za su biyo baya da misalansu.

Abin da ya rage shi ne *surcharge* da *overcharge*, da ma'anar jinginar da kadara a dokar kamfanoni, wadda zan kai wa wani lauya ya duba fassararta kafin in saka. Sashen kotu ma zai bi ta hannunsa. Daftari na biyu zai je wa sauran mambobi kafin zaman ƙungiya na watan Yuni, tare da babin *run* da na *set* idan masu su sun kammala.